Jirgin Baba Tsoho

A Tamaske babu dogo. Babu a Keita, babu a Buza, babu a Madawa, kai duk faɗin jihar Tawa ba inda za ka taka ƙarfen jirgin ƙasa. Abin da muka sani shi ne manyan motocin da ke zuwa lodin albasa, da amalanken jakai, da ƴan kabu-kabu. Duk da haka ni cikin labarin jirgi na tashi, don kakana na wajen uba, wanda duk gida muke ce ma Baba Tsoho, ba ya rufe hira bai sako jirgi ciki ba. In ana zancen tsadar hatsi, sai ya ce ai ranar da suka shiga jirgi a Ƙaura da kwabo ɗaya ya ci ya ƙoshi. In ana kukan sanyi, sai ya ce ba mu san sanyi ba, sai wanda ya kwana cikin tarago a hawan Jos. Muna yara mukan ƙyafta ma juna ido mu ce, "To, jirgi ya taso." Wasu su sulale, ni da ba ni da wayon gudu in zauna.

Labarin dai guda ne. Yana saurayi, ko gemu bai fara ba, aka yi wata damina mai gardama. Da aka kai ɗan abin da aka samu rumbu aka ga ba zai kai ko'ina ba, sai ya bi ayarin ƴan cin rani. Da ƙafa suka bi ta Madawa, suka ratsa Bangi, suka shiga Sabon Birni, Isa, Shinkafi, har Ƙaura Namoda, inda dogon Najeriya ya tsaya tun 1929. Nan ya yi dakon buhunan gyaɗa har ya haɗa kuɗin tikiti. Jirgi ya bi da su Gusau da Funtuwa ya sauke su Zariya. A Zariya suka sake wani jirgin, wanda shi yake kira "ɗan ƙaramin dogo", shi ya hau da su Jos, inda ya yi lebura a wurin haƙar kuza.

In ya zo kan wannan ƙaramin jirgi har gyara zama yake yi.

"Jirgin ga, ɗan lakwal, awa akuya shika hawan dutsi. In munka kai ga hawa sai shi kama nishi, huf, huf, huf. Mu samari sai mu sabka mu bi shi ƙasa, kowa shi yi uzurinai, mu sake kama shi bai tai ko'ina ba."

Mu kuwa mu yi ta dariya, muna cewa tsoho ya ƙara gishiri. Wane irin jirgi ne mutum zai sauka ya kama ruwa ya dawo ya iske shi?

Shekarata ta biyu a jami'a a Yamai, da aka yi babban hutu, Baffana da ke da shago a Jos ya ce in zo in taya shi. Kamar gidaje da yawa na garinmu, mu ma muna da namu a Najeriya da Abijan. Wata ranar Lahadi da kasuwa ta yi sanyi na ce bari in leƙa gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe tun 1952. Abin da ya kai ni shi ne gumakan yumɓu na Nok, don wani malaminmu ya sha ambatonsu. Na gan su kuwa. Amma da na fito ina zagaya harabar sai na yi kiciɓis da wasu tsofaffin kawunan jirgi da taragai a tsaye. Ƙanana ne ƙwarai. Na taɓa ganin jirgi a hoto da talabijin, na ɗauka kowane jirgi dodo ne. Waɗannan kuwa ka ce ƴaƴan jirgi ne ba su gama girma ba.

Da na tambaya aka ce ragowar Bauchi Light Railway ne. Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa shi daga Zariya don kwaso kuza, ya fara aiki a 1912, ya kai Bukuru a 1914, tsawonsa wajen kilomita 230. Sunansa na Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba; a lokacin tudun Jos na cikin lardin Bauchi ne, shi ya sa. Faɗin da ke tsakanin ƙarfen dogonsa biyu santimita 76 ne kacal. Na durƙusa na auna tsakanin ƙafafun da hannuna, kamu ɗaya da rabi. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin shi zuwa Fatakwal, ga motoci suna ƙaruwa a hanya. Ƙaramin ya yi ta jan jiki har 1957 aka rufe shi, aka kwashe dogon. Ɗan abin da aka tsirar shi ne na tarar a tsaye.

Na daɗe a wurin. Abu biyu suka faɗo mini. Na farko, ashe tsoho bai ƙara gishiri ba: injin mai wannan girma, ɗauke da kaya, a hawan dutse, ba mamaki saurayi ya bi shi da ƙafa. Na biyu, Baba Tsoho bai taɓa ƙirga shekarunsa da lamba ba, amma yanzu na samu tabbacin tafiyarsa ba ta wuce 1957 ba, wato tun kafin Nijar ta samu mulkin kai. Na ɗauki hotuna har batirin wayata ya mutu.

Da na koma gida ko jaka ban kwance ba na nufi zaurensa. Lokacin yana ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Tsoho, na gano maka jirginka." Ya karɓi wayar ya kai ta har bakin hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa. Can ya ce:

"Shina kuka?"

Na ce, "Wa?"

"Jirgin. Da kag gane shi, shina kuka? Hayaƙi na hita?"

Na ce a'a, a tsaye yake kawai, an ajiye shi don mutane su gani.

Ya miƙo mini wayar. "To ai gawa ta kag gani, ɗan lakwal. Allah shi jiƙan shi."

Raina bai so ba. Na sha hanya, na zo da abin da nake ganin babbar tsaraba ce, ga abin da aka ce mini. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuma na zo da gani, mai ji ya kore ni. Amma da na kwana na tashi sai na ga gaskiyarsa. Ni na ga ƙarfe. Shi ya san ƙarar, da ƙaurin kwal, da yadda tartsatsi ke huda riga, da wanda ya zauna kusa da shi. Washegari na koma da wayar, na ce ya ba ni labarin tun daga farko, wannan karon zan ɗauka.

Minti 47 muka yi. Bai taɓa ba da labarin da tsari irin na ranar ba. Ya jero tashoshi kamar mai jan tasbaha: Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre. Ya faɗi yadda jirgi ke tsayawa ya sha ruwa, don injin tururi in ba ruwa ba tafiya. Ya faɗi aikin "hwayaman", mai ɗura kwal cikin wuta, wanda ya ce baƙinsa ya fi na tukunya. Ya ce in ƙafar jirgi na sulɓi a hawa, rairayi ake zuba ma dogo don ta kama. Ya kawo heluma, da gadi, da sule, da sisi, da taro. Ni da ke karatun kimiyyar harshe kunnena ya miƙe, don ga darasinmu na aron kalmomi yana fita daga bakin mutumin da bai taɓa zama aji ba. Jirgi tun asali na ruwa ne. Da na ƙasa ya zo aka ara masa sunan, daga baya na sama ma ya samu. Tasha daga Ingilishi ta shigo ta hanyar reluwe, ta bi bakin ƴan cin rani irin su Baba Tsoho har ta zauna a garuruwan da ba su taɓa ganin dogo ba. Yau a Tamaske ko yaro ya san tasha, alhali ƙasarmu Faransanci aka yi mata mulki da shi. Jirgin bai iso mu ba, kalmominsa sun iso.

Mun tsaya daidai inda ya sauka Jos. Saura labarin ramin kuza, da yadda ya dawo gida, da abin da ya sayo. Kwana biyu bayan haka na yi ta yawon gaishe-gaishe da abokai, hutu ya ƙare, na ce in na dawo ma ƙarasa. Da damina ta kama, ina Yamai muna shirin jarrabawa, aka kira ni da asuba. Allah ya yi masa rasuwa. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Abin da ya rage mini shi ne minti 47 ɗin nan cikin katin waya. Na yanke shawarar in yi aikin ƙarshen karatuna a kansu. Mataki na farko shi ne a sauke magana daga murya zuwa takarda. Na zauna dare huɗu ina saurare ina rubutawa. Ba tare da na yi wani dogon tunani ba, hannuna ya riƙa gyara masa baki. Inda ya ce "munka tahi" na rubuta "muka tafi". Inda ya ce "shina" na sa "yana". "Ƙarhe" ya koma "ƙarfe", "biyat" ta koma "biyar", "wanga" ya koma "wannan". Nishin jirgin da yake kwaikwayo na cire, don ban ga layin da zan sa shi ba. Da na gama, shafi goma sha ɗaya tsaf, na ji daɗin kaina.

Da na je gida na karanta ma Gwaggona, babbar ɗiyarsa. Ta saurara har ƙarshe, tana tsince wake. Sai ta ce, "To, ka yi ƙoƙari. Amma wanga ba Baba na ba. Wanga mai labarun rediyo na."

Karo na biyu ke nan ana ce mini gawa na kawo.

Cikin wannan damuwa ne wani abokina da ke sashen tarihi, da ya gaji da jin zancen jirgi a bakina, ya ba ni labarin wani gidan tarihi a Amurka, a jihar Maine, mai suna Seashore Trolley Museum. Na bi na karanta. A birane da yawa na Turai da Amurka an yi zamanin taragai masu tafiya da lantarki a tsakiyar titi: sanda ce a saman tarago take gogar wayar da aka ja a sama, wuta ta sauko ta juya injin, ta koma ta cikin dogo. Da motocin bas suka yi yawa sai aka riƙa rufe layukan, ana sayar da taragan a matsayin tsohon ƙarfe. A 1939 wasu samari, kusan tsararrakinmu, suka ji za a rufe layin garuruwan Biddeford da Saco. Suka haɗa dala 150, ta Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, suka sayi tarago guda mai lamba 31, suka ja shi zuwa wani fili a bayan gari. Daga wannan tarago ɗaya gidan tarihin ya tashi, yau kuma yana da ɗaruruwa.

Abin da ya kama hankalina shi ne wahalar ɗaukar irin wannan kaya. Tarago ba mota ba ne da za a ce a tura ya tashi. In an rufe layinsa, ba shi da hanyar da zai bi da ƙafarsa. Sai an samo doguwar tirela, a shimfiɗa guntun dogo a bayanta a jawo shi sama, ko a ɗaga shi da ƙugiya. Sai an sauke sandar da ke kansa, an auna tsawon kowace gada da zai bi ta ƙarƙashinta. In ya isa, dole a tarar an shimfiɗa masa dogo daidai faɗin ƙafafunsa. Dole a yi masa rumfa, don galibin tsofaffin da katako aka yi jikinsu, in ruwa ya samu rufin shi ke nan. Duk wannan don ya tsaya ne kawai. In ana so ya motsa, sai an kafa turaku an ja waya, an kawo wuta irin wadda yake ci, an nemo kayan gyaran da aka daina ƙerawa, an samo tsofaffin direbobi da makanikai su koya ma yara. Mutanen can duk sun yi wannan, yawancinsu aikin sa kai ne, kuma har yau baƙo na iya shiga tarago mai shekara ɗari ya zauna a tafi da shi. Da Baba Tsoho zai tambaye su ko shina kuka, za su ce masa i.

A nan na gane kuskurena. Mai son ya tsirar da tarago ba gangar jiki kaɗai yake ɗauka ba, har da dogon da ya dace da shi. Dogo kuwa iri-iri ne. Na ƙaramin jirgin Jos milimita 762 ne. Tsohon babban dogon Najeriya 1,067. Wanda ake shimfiɗawa yanzu daga Kano zuwa Maraɗi 1,435 ne, shi ake kira daidaitacce. Daidaitaccen dogo abu ne mai amfani, shi ke sa jirgin wata ƙasa ya shiga wata. Haka ma daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano: ba don ita ba, da wannan ɗan littafi namu bai karantu daga Tawa har Damagaram har Zariya ba, kuma ga shi da ita nake rubutu. Amma in ka ɗora jirgin Baba Tsoho bisa dogon da ya fi ƙafafunsa faɗi, faɗawa zai yi tsakani. Abin da na yi ma maganarsa ke nan.

Na sake aikin daga farko. Na rubuta Adarancinsa yadda ya fito, da "munka" da "anka" da "hwa", da inda ya yi tari, da inda ya yi dariya, da huf-huf ɗin jirgi. A gefe na sa daidaitacciyar Hausa don wanda zai buƙata. Muryar kuma na kwafe ta wuri uku, don katin waya ba abin amana ba ne. Sannan na tura ta zauren WhatsApp na danginmu. A daren Baffana ya kira daga Jos, ya kasa magana. Bayan sati biyu aka turo mini muryar wani ɗan ƙanen babana mai shekara shida, haifaffen Abijan, wanda bai taɓa ganin Baba Tsoho ba, yana zagaya tsakar gida yana "huf, huf, awa akuya". Ban ce na tayar da gawa ba. Amma wannan karon abin ya ɗan motsa.

Tun daga nan idona ya buɗe ga abubuwan da nake wucewa. A gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai akwai iccen Tenere, wanda ya yi zamani shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko shi aka yi masa rumfa. Da kyau da aka yi haka, da babu gara ba daɗi. Amma madugan da suka san shi a tsaye, suka sha ruwan rijiyar da ke gindinsa, su ne dogonsa, kuma kullum raguwa suke yi. Haka in na shiga mota daga Dosso zuwa Yamai nakan bi dogon nan da ido a gefen hanya. A 2014 aka ƙaddamar da aikinsa, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa wajen kilomita 140, aka yi bikin isarsa Dosso a farkon 2016, amma bai taɓa shiga jigilar yau da kullum ba. Wani wuri rairayi ya rufe shi, wani wuri awaki ke kwance a kai. Akwai leburorin da suka ɗora ƙarfen nan da hannunsu, akwai mutanen ƙauyukan da aka ce ma jirgi na zuwa. Nan da shekara arba'in jikokinsu za su tambaya. Idan kuma jirgin Kano ya iso Maraɗi, wanda aka aza harsashin aikinsa a 2021, kalmomi sababbi za su sauko tare da fasinja, kamar yadda tasha ta zo mana. Ya kamata a samu mai kunne a wurin.

Ƴan uwa ɗalibai, mu ba mu da tirela, ba mu da ƙugiya, ba mu da filin ajiye tarago. Amma irin kayan tarihin da ƙasar Adar ta fi yawa da shi ba ya buƙatar ko ɗaya. Akwai tsofaffin direbobin da suka yi hanyar Tawa tun ba kwalta. Akwai iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun daga 1984. Akwai waɗanda suka je Kano da Kumasi da ƙafa. Kowane gida da nasa Baba Tsoho, kuma kowa a cikinmu na da waya a aljihu. Hutun nan mai zuwa, kafin yawon gaishe-gaishe, a zauna da su. A bar su su yi magana da bakinsu, kada a gyara musu. A kwafe muryar wuri fiye da ɗaya. In an fara kuma a ƙarasa a zama ɗaya ko biyu, kada a ce sai wani hutu.

Nakan saurari minti 47 ɗin nan in dare ya yi. Ƙarshensu ne ya fi yi mini nauyi. Ana jin ladan daga nesa, ana jin shi yana laluben butarsa, sai ya ce:

"Kashe abin ga, ɗan lakwal, an yi kiran salla. Gobe in ba ka na Jos."